Ƙirga Tsingaro Don Gano Hanyar Fatake

Yawancin fataken dā ba su bar littafin ciniki ba, sai tsingaro da duwatsun ado a kufai. A shekarun 1970 Colin Renfrew, masanin kimiyyar tono kayan tarihi a Ingila, ya nuna cewa yawan haja kan ragu gwargwadon nisanta daga inda aka yi ta. Inda ƙididdiga ta nuna yawan ya ƙaru kwatsam, mai yiwuwa kasuwa ta taɓa ci a wurin.

Fadamar Haɗejiya, tsakanin Kano da Barno, za ta wahalar da wannan awo. Ambaliya takan binne kufai da laka. Mangul da kanwa kuwa, waɗanda jakuna suka yi ta kaiwa Kano daga ƙasar Manga, narkewa suke yi. Fasassun tukwanen dafa mangul kaɗai suka rage, su ma a can Manga.