Ayu da Man da Ake Talla da Sunansa

Daga Ƙofar Ran zuwa kasuwar Wunti, da wuya ka rasa mai maganin gargajiya da lasifika yana koɗa man ayu, wai yana gyara aure, yana sa mai gida ya manne. Masu saye kuwa, ƙalilan ne za su iya siffanta maka dabbar.

Ayu ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake kwana yake tashi. Numfashi yake da huhu, dole ya riƙa leƙo da hanci sama lokaci-lokaci, macen kuma shayarwa take, nonuwanta na ƙarƙashin hammata. Babba yakan kai mita 3, nauyinsa ya haura kilo 350, amma ciyawar ruwa ce yawancin cimarsa. A dabbobin tudu, giwa ce 'yar'uwarsa ta kusa, irin wadda muke tinƙaho da ita a Yankari. Akwai farata a gefen hannuwansa, turamen haƙoransa kuma daga baya suke tsirowa suna turo na gaba, waɗanda yashi ya cinye su zube.

Ana samunsa daga Senegal har Angola. A nan gida yana kogin Binuwai da na Neja, da tafkin Pandam a Filato.

Matsalar ɗorewar ayu a haihuwa take. Ciki shekara guda ne ko fiye, ɗa ɗaya tal, sai kuma bayan shekara biyu zuwa uku. Masunci ya soke uwa da mashi, ya kashe biyu ke nan, don jaririn ba zai rayu ba. Ga taru da ke riƙe shi a ƙasan ruwa har ya shaƙe, ga madatsun ruwa irin ta Kainji da suka raba garke da garke. Da rani ruwa ya janye, sai a tarar da shi a kududdufi, ba hanyar gudu.

Dokar Najeriya ta 1985 ta haramta farautarsa, a 2013 kuma yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Doka dai tana takarda. Ni a ganina yawancin kwalaben man ayun nan jabu ne, don da duka na gaske ne da tuni babu ayu ko na rantsuwa. Sai dai jabun ma ɓarna yake yi: shi ke raya kasuwar, ya sa na gasken ya yi tsadar da mafarauci zai kwana a bakin kogi dominta.

Ga izina: wani ƙaton ɗan'uwan ayu na tekun Bering, Turawa sun fara ganinsa a 1741. Zuwa 1768 sun cinye shi kaf.