Kawukudi: Yadda Rawani da Ƙuri'a Ke Riƙe da Zangon Akra

Bahaushen da ya sauka a Akra, babban birnin Ghana, ya shiga motar haya da suke kira trotro, da wuya ya yi nisa bai ji yaron mota yana kiran "Kawukudi! Nima! Maamobi!" ba. Sunan farkon nan Hausa ce tsantsa, "kawo kuɗi", bakin mutanen gari ne ya lanƙwasa shi. Yana da 'yan uwa a birnin: akwai Tudu, akwai Fadama, akwai Sabon Zongo, can bayan gari kuma ga Kasoa, wadda ta samo sunanta daga kasuwa. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan sawun fatake ne da bai goge ba.

Kawukudi tana yankin Ayawaso, arewa da tsakiyar birni, a mahaɗar hanyoyin da ke zuwa Kanda da Nima da Maamobi da Asibitin Soja na 37. Fadar shugaban ƙasa da babban filin jirgin sama duk ba su da nisa da ita. Amma da zarar ka bar kwalta ka nutsa cikin Nima ko Maamobi, sai lungu ya karɓe ka. Gidajen haya ne masu tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, kwano na gogar kwano, masallaci a kusan kowace kwana. Tsakanin unguwannin biyu akwai babbar kwata da ke kwashe ruwan sama zuwa kogin Odaw, kuma ita ce abin fargabar kowa in damina ta kankama.

Asalin zango fatauci ne. Kakanninmu sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu Salaga, su komo da goro. Da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, da taimakon sojojin da ake kira Hausawa, hanyar bakin teku ta buɗe. Yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwar garin zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra. Cikin malaman da suka zauna a Akra tun da wuri akwai Malam Nenu, mutumin Katsina, kuma ɗansa Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zongo wajen 1910, a filin da ya samu daga hannun sarakunan kabilar Ga, masu ƙasar. Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya karɓi fili daga gidan Odoi Kwao na kabilar Ga. Wasu na cewa sunan daga ni'ima ne, wasu kuma na cewa daga harshen Ga ne, ma'anarsa garin sarki. Girgizar ƙasar da ta auka wa Akra a 1939, da ayyukan barikokin soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin da aka sallama bayan yaƙin, su suka cika wurin da jama'a har ya tumbatsa zuwa Maamobi da kewaye.

A nan ne tushen al'adar mulkin zango yake: ƙasa ta Ga ce, jama'a kuwa na sarki ne. Sarkin zango ba ya mallakar fili kamar yadda sarakunan ƙasar Hausa ke yi, mutane yake riƙe da su. Kuma ba sarki ɗaya ba ne. Hausawa na da nasu, Zabarmawa na da nasu, haka Mosawa da Kotokoli da Dagomba da Wangarawa da Fulani da Yarabawa. Abin sha'awa shi ne kusan dukkansu salon sarautar Hausa suka ɗauka. Ana naɗa rawani a gaban liman da dattawa, a yi addu'a, a raba goro. Akwai waziri, akwai galadima, akwai sarkin fada da sarkin samari, ga kuma magajiya wadda ke jan ragamar mata. Da Hausa ake zaman fada, ko da kuwa sarkin da fadawansa suna da wani harshen a gida, domin ita ce harshen da ya haɗa kowa. Hausar tasu ma tana da nata ɗanɗano: sau da yawa ba ta rarrabe namiji da mace, sai ka ji an ce "yarinya ya zo", kuma babu wanda zai ɗaga gira.

Aikin sarki ya fara ne daga aikin maigida. A da, baƙon da ya zo da shanu ko goro yakan sauka gidan wani babba na kabilarsa, a ba shi ɗaki da tuwo, a nemo masa mai saye, a tsaya masa in ciniki ya rikice. Har gobe ana wannan. Wanda ya taso daga Sakkwato ko Dosso ko Bawku bai san kowa ba, in ya tambayi gidan sarkin mutanensu ba zai kwana a titi ba. Rigimar mai gida da ɗan haya, saɓanin miji da mata, rabon gado, bashi tsakanin 'yan kasuwa, duk sukan fara zuwa gaban sarki da liman kafin a yi zancen ɗan sanda ko kotu. In baƙo ya rasu ba shi da dangi a kusa, jama'arsa ce ke haɗa kuɗin likkafani, a yi masa sutura, a yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ranar suna wanzami zai zo, ranar biki a kai lefe a sa amarya a lalle, kuma ba a cika yin ɗayansu ba tare da an kai wa sarki goron gayyata ba. Haka nan sarakunan zango ba sa mantawa da masu ƙasa, sukan kai gaisuwa ga sarakunan Ga, musamman lokacin bikinsu na Homowo.

Gefe guda kuma ga mulkin ƙuri'a. Tun 1988 Ghana ke tafiyar da ƙananan hukumomi ta hanyar majalisun gundumomi, kuma tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da hakan. Kashi 70 cikin ɗari na 'yan majalisa zaɓensu ake yi duk shekara huɗu, ba da tutar jam'iyya ba, sauran kashi 30 shugaban ƙasa ne ke naɗa su. Shugaban gundumar ma shi ke ba da sunansa, amma sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a sun amince. Da can unguwannin nan na ƙarƙashin babbar majalisar birnin Akra ne, har zuwa 2018 da aka ƙirƙiro Ayawaso ta Gabas mai hedikwata a Nima, da Ayawaso ta Arewa wadda Maamobi ke cikinta. Kansilan unguwa, wanda suke kira asambiliman, shi ake tasowa da asuba in kwata ta toshe, ko fitilar titi ta mutu, ko shara ta taru a bakin Kasuwar Mamudu bayan cin kasuwar Laraba. Amma shi ma ya san in yana so a fito aikin gayya, sai ya bi ta fada, ya bi ta masallaci, ya bi ta majalisun samari masu shan ataya.

Mutanen zango sun san zafin a ce da mutum baƙo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Ghana ta lokacin, ƙarƙashin Busia, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, gidaje da yawa suka watse, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Shi ya sa suke ɗaukar katin ɗan ƙasa da rajistar zaɓe da muhimmanci, shi ya sa kuma kafa Asusun Raya Zango da aka yi a 2017 ya zama abin magana a kowace majalisa.

Wanda ya tsaya a Kawukudi yau, hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa ne za su fara cika masa ido. Wata gidauniyar Turkiyya ce ta ɗauki nauyin gina shi, aka buɗe shi a watan Yuli na 2021, shugaban Nijar na lokacin, Mohamed Bazoum, na cikin manyan baƙi. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Akra a 1919, ya zama babban limamin ƙasa a 1993, kuma ziyarar da ya kai cocin Katolika a 2019 ta nuna irin zaman da zango ya koya wa 'ya'yansa. Daga lungunan Nima ne Mohammed Kudus ya fito har ya ci wa Ghana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2022. Waakye da koko da ƙosai da tuwon zafi kuwa sun daɗe da zama abincin Ghana baki ɗaya.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma raɓar Nima da Maamobi da Kawukudi ta shekara kusan ɗari rana ba ta busar da ita ba. Abin da ya riƙe ta shi ne rawanin da ke sasanta mutane da ƙuri'ar da ke nemo musu haƙƙinsu. Ya kamata matasan zango su riƙe duka biyun: su je fada su gaida dattawa su ji tarihin gidajensu, ranar zaɓen kansila kuma su fito su zaɓi wanda zai gyara musu kwata da makaranta.