Me Ya Hana A Ƙure Ƙarfen Sabis?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar dabbobi daga wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar, ya aiko mana da takarda yana cewa sai ya hau tudu yake samun sabis. Har cinikin bijimi ya taɓa kufce masa wata Alhamis a kasuwar Maigatari, don dillalinsa ya yi ta nemansa bai samu ba. Ya ce me ya sa kamfanin waya ba zai murɗa ƙarfen sabis ya ƙure shi ba, kowa ya huta?

To Malam, Allah Ya mayar da alheri. Ka dai san lasifikar masu tallar magani a kasuwa. Idan aka buɗe ta daidai, kana jin kowace kalma. Da an ƙure ta sai murya ta tsage, ga ƙara amma ba magana. To ƙarfen sabis ma yana da tasa amfilifaya, wadda ke ƙara wa saƙo ƙarfi kafin eriya ta watsa shi. In aka matsa mata, sai ta lanƙwasa saƙon. Lanƙwasasshen saƙo kuwa ba ya tsayawa a zangonsa, fantsama yake yi cikin na maƙwabci, kamar akuyar da ta tsallake iyakar gona. Hukumar NCC ta yanka wa kowane kamfani zangonsa, ga kuma kamfanonin Nijar nan kusa da ku.

Ka ga ke nan dole a sassauta mata. Nan ma da matsala, domin amfilifayar da ke aiki ƙasa da ƙarfinta, yawancin wutar da take sha zafi take zama, ana ta ƙona gas a janareta a banza. Lokacin da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001 abin da sauƙi, don saƙonta ƙarfinsa ɗaya ne. Na 4G kuwa hawa da sauka yake yi.

Tun 1936 wani injiniya ɗan Amurka, William Doherty, ya fito da dabarar haɗa amfilifaya biyu: ɗaya tana aiki kullum, ɗayar sai kaya ya yi nauyi take sa hannu, kamar 'yan gayya. Har yau ana amfani da ita. Amma dabarar da ta fi burge ni irin ta tela ce. Telan da ya san yadi zai shige bayan wanki, sai ya ƙara masa tun wajen yanka. Haka nan wata 'yar kwamfuta ke auna irin lanƙwasar da amfilifaya take yi, sai ta riga ta lanƙwasa saƙon ta ɗaya ɓangaren, ya fito a miƙe. Ba ta daina awon, don halin na'urar da sanyin asuba daban yake da na tsakar ranar bazara.

Sai dai, Malam, ko an ƙara wa ƙarfen ƙarfi, dole ya ji amsar wayarka. Amfilifayar cikinta ba ta wuce wat 2 a GSM, a 4G kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat ne. Shi ya sa in kana nesa take zafi, caji ya ƙare da wuri: ihu take yi. Maganin ƙauyenku sabon ƙarfe ne a kusa, sai ku haɗu da dagacinku ku kai kuka. Kafin nan, ranar kasuwa ka ce dillali ya tura maka tes, yana jira har ka hau tudun.