Karon farko da ƴar karya ke neman barbara: abin da mai ita ya kamata ya sani

A unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, matasa da dama na ajiye kare domin gadin gida, ban da mafarauta da makiyaya da suka daɗe suna tare da shi. Akwai kuma ƴan ci-rani da suka gina gida suka bar shi hannun mai gadi da karensa. Sau da yawa akan karɓo ƴar kwikwiya ba tare da an yi lissafin ranar da za ta girma ba, sai wata safiya a ga ɗigon jini a tsakar gida, karnukan unguwa kuma sun cika ƙofar gida. Wannan shi ne barbararta ta farko.

Yaushe take farawa?

Galibin karnuka mata na shiga wannan yanayi ne wajen wata 6 zuwa shekara 1 da haihuwa, amma girman jinsi na sauya lissafin. Ƙananan jinsuna kan fara tun suna wata 4 zuwa 6, manya kuwa kan kai wata 18, wasu har shekara 2. Daga nan abin kan dawo kusan duk bayan wata 6, ko da yake a farko yakan zo ba tsari kafin ya daidaita. Karen Azawak, mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, wanda ya samo sunansa daga yankin Azawak na Nijar da Mali, an san matansa da yin barbara galibi sau ɗaya a shekara. Karya ba ta daina wannan zagaye gaba ɗaya ko ta tsufa, sai dai tazarar ta ƙaru.

Alamomi da kwanaki

Matakin farko kan ɗauki kamar kwana 9. Gabanta na kumbura, jini na fita, tana yawan fitsari da lasar jikinta. Warin fitsarin ne ke kiran maza daga nesa, amma a wannan lokaci ba ta yarda da su, har takan kai musu cizo.

Mataki na biyu shi ma kamar kwana 9 ne. Jinin na tsinkewa, launinsa ya koma fatsi-fatsi, ita kuma ta riƙa tsayawa namiji tana kauda wutsiya gefe. A nan mutane da yawa ke kuskure. Suna kwatanta jinin da al'adar mata, don haka da ya ragu sai su sake ta, alhali lokacin ne ta fi saurin ɗaukar ciki. Kwanakin kan bambanta daga karya zuwa karya, shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a tsare ta mako 3 zuwa 4 daga ranar da aka fara ganin jini.

Me ya sa ba a so ta ɗauki ciki a karon farko?

Ƴar karya mai wata 7 tana iya yin ciki, amma ita kanta ba ta gama girma ba. Cikin kan kai kwana 63, kuma haihuwa na iya yi mata wuya, wani lokaci ta ƙi shayar da ƴaƴan. Masu son ta hayayyafa gara su jira ta yi zagaye biyu ko uku. Idan kuwa an tarar namiji ya riga ya hau ta sun maƙale, kada a raba su da sanda ko jifa. Da kansu suke rabuwa, galibi cikin rabin awa, kuma jan su da ƙarfi na raunata su duka biyu. Abin yi shi ne a tuntuɓi likitan dabbobi da wuri.

Haɗarin da ke ƙofar gida

Taron karnukan titi a bakin gida na kawo faɗa da cizo, kuma ta hanyar cizo ciwon haukan kare ke yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ana iya yi wa kwikwiyo allurar rigakafi tun yana wata 3, wato kafin barbarar farko. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana da wuya a tsira.

Akwai kuma wani ƙari da karnuka ke ɗauka wajen barbara, wanda ke fitowa a al'aura yana zubar da jini. Ya yawaita tsakanin karnukan da ke yawo sakaka a ƙasashe masu zafi, amma yana jin magani.

Bayan barbara ta wuce

Cikin wata 2 da ke biye, wasu kan nuna alamun ciki alhali babu shi: nono ya kawo, ta riƙa tattara tsummoki tana kwanciya a kai. Wannan kan wuce da kansa. Wanda ba a wasa da shi shi ne ruɓewar mahaifa. Idan aka ga tana shan ruwa fiye da kima, ta daina cin abinci, tana amai, cikinta ya kumbura ko mugunya na fita, a garzaya da ita asibitin dabbobi, domin ciwon na kisa cikin ƴan kwanaki.

Kada a ba ta ƙwayoyin tazarar haihuwa na mata, ko maganin ciwon jiki na mutane irin su paracetamol da ibuprofen, domin suna iya yi mata illa mai tsanani. Allurar hana barbara ma na ƙara haɗarin ruɓewar mahaifa.

Wanda ba ya son ƴan kwikwiyo, mafita mai ɗorewa ita ce tiyatar cire mahaifa da ƙwai. Likitoci sun fi son a yi ta wata 2 zuwa 3 bayan barbara ta ƙare, saboda a cikin barbara jini ya fi zuba. Tiyatar na kare ta daga ruɓewar mahaifa, tana kuma rage yawan ƴan kwikwiyon da ake zubarwa a bola su tashi ba rigakafi.

Kafin nan, a rubuta ranar da aka fara ganin jini, a duba katanga da ƙasan ƙofa, a ajiye mata ruwa da inuwa, a hana yara buɗe mata gida. Ɗan ci-ranin da ke aiko da kuɗin cefane ya sa kuɗin allurar rigakafi a cikin lissafi, ya kuma nemi a turo masa hoton katin allurar.