Yaron da Wuyansa Bai Tsaya Ba

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, idan jariri ya kai wata shida wuyansa na langaɓewa, ko ya kusa shekara bai zauna ba, sai ka ji ana ce wa uwar: "Ki yi haƙuri, nauyin jiki ne, zai tashi." Wasu su ce iska ce, a shiga hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Kafin a ankara shekaru sun tafi, gaɓoɓi sun sandare.

Sau da yawa matsalar a ƙwaƙwalwa take: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, shawara mai tsanani a makon haihuwa, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Wurin da ya taɓu ba ya komawa daidai, amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana saurin koyon wata hanyar sarrafa jiki. Nan aikin likitan gashi yake.

Kada a ɗauka ɗori ne ko ruwan zafi. Za a kwantar da yaro rub da ciki, a kaɗa masa abin wasa ta sama har ya ɗago kai da kansa. A miƙar da agararsa a hankali, a riƙe, a saki. A zaunar da shi cikin kwali, a tokare shi da zannuwa. Likita nunawa yake yi. Uwa ce za ta maimaita safe da yamma, wata da watanni, shi ya sa maigida da kaka ya kamata su ma su koya.

Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. A Asibitin Noma na Sakkwato kuma, wanda aka buɗe a 1999, ana koya wa yaran da ciwon noma ya ɗaure wa muƙamuƙi motsa baki, domin su iya ci da magana. Kuɗin mota daga Kebbe zuwa birni ba wasa ba ne, gaskiya, amma jira ya fi tsada.

An ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a 2020, sai dai ba shi kaɗai ke hana yaro tafiya ba. Idan wata huɗu ya cika wuya bai fara tsayawa ba, ko wata tara ba zama, a kai yaron asibiti a nemi a tura shi sashen gashi.