Yadda Za Ka Shirya Hoton Waya Kafin Ka Kai Wanki

A yau da wuya ka shiga ƙauyen da babu wayar hannu mai ɗaukar hoto. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, ranar saukar karatu, duk waya ce ke aiki. To, amma hoton da ke cikin waya ba shi da tabbas. Waya takan faɗa ruwa, takan lalace, akan sace ta. Shi ya sa mutane ke kai hotunansu gari a wanke musu a kan kati.

A nan ne ake samun matsala. Mutum zai biya kuɗin mota ranar kasuwa, ya biya kuɗin wanki, ya komo gida. Da ya buɗe ambulan sai ya ga an datse hular mahaifinsa, ko kuma babu rabin jikin ƙanwar amarya da ta tsaya a gefe. Ga asarar kuɗi, ga ɓacin rai, ga wata tafiyar. Sau da yawa laifin ba na mai hoto ba ne. Siffar hoton ce ba ta zo daidai da siffar katin ba.

Girman katin hoto

Ana auna katin hoto da inci. Inci 1 ya ɗan ɗara santimita 2 da rabi. Ga waɗanda aka fi amfani da su:

Inci 4 da 6, wato kamar santimita 10 da 15. Shi ne na sakawa a albam.

Inci 5 da 7, wato kamar santimita 13 da 18. Shi ne matsakaici.

Inci 8 da 10, wato kamar santimita 20 da 25. Shi ne na sakawa a firam a rataye a bango.

Kowane kati yana da dogon gefe da gajeren gefe. Haka ma kowane hoto.

Me ke kawo datsewar?

Ka ɗauki misalin tabarma da gado. In tabarma ta fi gado faɗi, dole gefenta ya zubo. In ka ce sai ta zauna cif a kan gadon, sai ka yanke abin da ya zubo. Hoto shi ne tabarmar, kati shi ne gadon.

Katin inci 4 da 6 ya samo siffarsa ne daga fim ɗin kyamarorin da. Kowane hoto a jikin fim ɗin milimita 24 ne da 36. Wato in dogon gefe kashi 3 ne, gajeren gefe kashi 2 ne. Ana rubuta wannan 3:2.

Yawancin wayoyi kuwa siffar hotonsu 4:3 ce. In aka daidaita dogon gefen irin wannan hoto da inci 6, gajeren gefensa zai zama inci 4 da rabi. Katin kuwa inci 4 ne. Ka ga ke nan rabin inci ya zubo, kuma na'urar wanki za ta datse shi. In a kwance ka riƙe waya, sama da ƙasa za a datse. A nan hula ke tafiya. In a tsaye ka riƙe ta, dama da hagu za a datse.

Wasu kuma sukan sa kyamararsu a kan 16:9, don hoton ya cika fuskar waya. Wannan hoto dogo ne siriri. In aka wanke shi a katin inci 4 da 6, za a rasa fiye da inci 1 daga dogon gefensa. Waɗanda suka tsaya a ƙarshen sahu su ne za su fita.

Katin inci 5 da 7 ya fi kusa da siffar 4:3. Rubu'in inci kawai ake rasawa. A katin inci 8 da 10 kuwa, abin da ake datsewa daga dogon gefe ya haura rabin inci.

Hanyoyi uku da mai hoto ke bi

Ta farko, ya datse abin da ya zubo, hoto ya cika katin. Wannan ta yi kyau in akwai fili a kewayen mutanen.

Ta biyu, ya rage hoton kaɗan don ya shiga gaba ɗaya. Za a ga farin layi a gefe biyu na katin, amma ba a rasa kowa ba. Wannan ita ce ta dace da hoton taro.

Ta uku, ya ja hoton ko ya matse shi don ya cika katin. Kada ka yarda da wannan. Fuska za ta yi tsawo ko ta yi faɗi, har mutum ya daina kama da kansa.

Abin da za ka yi lokacin ɗauka

1. Goge idon kyamara da ƙyalle mai taushi. Ƙura da maiƙon hannu suna sa hoto dishi-dishi.

2. Duba lambar da ke jikin kyamara. In ka ga 16:9, mayar da ita 4:3.

3. Ja da baya taku ɗaya ko biyu. Bar fili a saman kai, da ƙarƙashin ƙafa, da dama da hagu. In za a datse, filin za a datse.

4. Sa rana a bayanka, haske ya faɗa a fuskar waɗanda kake ɗauka.

Abin da za ka yi kafin wanki

Wayoyi suna da wurin gyaran hoto. A ciki akwai wata alama mai kama da kusurwa biyu da suka sarƙe. Ita ce ta datsa. In ka taɓa ta za ka ga lambobi. Zaɓi 3:2 don katin inci 4 da 6, ko 5:4 don katin inci 8 da 10. Sai ka motsa hoton da yatsa har kowa ya shiga. Ajiye gyararren daban, kada ka goge na asali. In wayarka ba ta da waɗannan lambobi, bar wa mai hoto ya yi a kwamfuta a gabanka.

Sai maganar kyan hoto. Hoton waya ƙananan ɗigo-ɗigo ne suka haɗu suka yi shi. Ana kiransu fiksel. Don hoto ya fito tas, ana son ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan katin inci 4 da 6 yana son 1,200 da 1,800. Katin inci 8 da 10 yana son 2,400 da 3,000. In ɗigon ya yi kaɗan, da an faɗaɗa hoton sai ya dushe.

WhatsApp da Facebook sukan rage nauyin hoto in an tura shi. Hoton da ya bi hannu uku ko huɗu zai yi kyau a fuskar waya, amma ba zai yi kyau a babban kati ba. Nemi na asali daga wayar da ta ɗauka. A tura shi ta Bluetooth, ko ta igiyar caji, ko ta memori. Ware hotunan da kake so tun daga gida, ka tura su kaɗai. Ba sai ka bar wayarka a shago ba, domin akwai hotunan iyalinka a ciki.

Hoton fasfo

Wannan yana da nasa ƙa'idoji. Wanda aka fi sani faɗinsa milimita 35 ne, tsawonsa 45. Guda 8 sukan shiga katin inci 4 da 6. Wasu ofisoshi kuma na inci 2 da 2 suke so. Saboda haka tambayi masu karɓar takardar girman da suke so, da launin bayan hoton, kafin ka je a ɗauka. Matambayi ba ya ɓata.

Idan ka isa shago, gaya wa mai hoto girman katin da kake so. Ce masa: "Malam, don Allah nuna mini inda za a datse kafin ka wanke." In hotunan suna da yawa, a fara wanke ɗaya ka duba. In ya yi, sai a ci gaba.

Da ka komo gida, ɗauki fensir ka rubuta sunayen mutanen da kwanan wata a bayan kowane hoto. Kada ka danna da ƙarfi. Ga amfanin karatun da ka koya a aji. Sannan ka adana su inda danshi da gara da zafin rana ba za su kai ba, don jikokinka su ga fuskar kakanninsu, su kuma karanta sunayensu.