Barikin Kalapanzin da Bashin Mazan Jiya

A Kakuri, kudu da Kogin Kaduna, akwai barikin sojojin igwa da kowa ke kira Kalapanzi. Masu Keke Napep sun san shi, mata masu tuwo-tuwo sun san shi, yaran unguwa ma da shi suke kwatance. Amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka inda sunan ya samo asali. Wani zai ce maka ko yaren Gbagyi ne, wani ya ce sunan wani Bature ne da ya taɓa riƙe wurin.

Kalapanzin kogi ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. A watan Disamba na 1944, Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta gangara kwarin wannan kogi tana fafatawa da sojojin Japan, ta kama garin Buthidaung a tsakiyar watan. Birged uku ne a rundunar. Biyu na Najeriya ne, ɗaya na Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. Daga nan suka tsallaka duwatsu suka haɗu da 'yan'uwansu na Runduna ta 81, suka ƙwace Myohaung, tsohon babban birnin Arakan, a ƙarshen Janairun 1945. Sojan Najeriya ya adana wannan tafiya a sunayen barikokinsa. Dalet yana Kawo a arewacin Kaduna, Chindit yana Zariya, Letmauk yana Ibadan, Myohaung da An da Tamandu da Arakan da Dodan duk suna Legas. Barikin Mogadishu kuwa tunawa ne da ranar 25 ga Fabrairu 1941, da birged ɗin Najeriya ya shiga wannan birni na Somaliya ya kori sojojin Italiya, kafin ya nausa ƙasar Habasha.

Kudancin garin Kaduna na da wata alaƙar da wannan tarihi bayan bariki. A nan tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction take, inda layin dogon Legas zuwa Kano ya haɗu da na gabas mai bi ta Kafanchan. Kurtun da aka ɗauko daga Kano ko Katsina ko Zariya, in zai tafi Legas ya hau jirgin ruwa, sai ya ƙetare gadar kogin nan ya ratsa ta wannan tasha. Yawancinsu manoma ne da ba su taɓa ganin teku ba. Wasu an bi da su ta kudancin Afirka, wasu ta mashigin Suwez, har Indiya. Kimanin 'yan Afirka 100,000 ne suka yi yaƙin Bama.

Abin da suka tarar a can ya fi ƙarfin misali. Ƙasa ce ta kurmi da gora da tsaunuka masu santsi, ga ruwan sama na wata da watanni, ga matsattsaku, ga zazzaɓin cizon sauro da atuni da ke kwantar da mutane fiye da harsashi. Babu hanyar mota. Kafin Runduna ta 81 ta isa kwarin Kaladan a farkon 1944, sai da sojojinta suka sare hanya ta fiye da mil 70 a cikin daji da adda da diga. Da suka nutsa ciki kuma, abincinsu da harsasansu daga sama jirage ke jefo musu da lema, kuma su ne babbar runduna ta farko da aka riƙa ciyarwa kacokan ta wannan hanya. Bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su an haɗa da mayaƙan Chindit na Janar Orde Wingate, waɗanda ake saukewa a bayan dagar abokan gaba.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne 'yan dako. A rundunonin nan biyu akwai dubban sojoji da aikinsu shi ne ɗaukar kaya a ka: akwatin harsashi, buhun shinkafa, na'urar oba-oba, sassan igwa da aka kwance, da masu rauni a makara. Yawancinsu ba su riƙe da bindiga, adda ce kawai a ƙugunsu. Su ne suka sa 'yan Afirka ta Yamma ke ratsa inda mota ba ta shiga, inda alfadari ma ke turjewa, su ɓullo wa Japanawa ta gefen da ba su zata ba. Mutum ya hau tsauni da kaya a ka, ana ruwan wuta, ba shi da abin ramawa, kuma bai jefar da kayan ya gudu ba. A ganina babu jaruntakar da ta wuce wannan, amma ba a cika jin sunan ɗan dako a jawabin ranar tunawa ba. Runduna ta 82 kaɗai ta yi asarar mutum 2,085 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace.

Labarin mutum guda da ya tsira a rubuce ya isa ya nuna yawan abin da ya salwanta. Isaac Fadoyebo, ɗan wani ƙauye kusa da Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16. A watan Maris na 1944 Japanawa suka afka wa ayarinsu na ma'aikatan jinya a bakin Kogin Kaladan, aka ragargaza masa ƙafa. Wani talaka Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da David Kargbo ɗan Saliyo, ya ciyar da su na tsawon watanni, alhali ya san in an gane zai rasa ransa. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin har ya gano iyalan Shuyiman a 2011, shekara guda kafin Fadoyebo ya rasu. Yankin nan na Arakan shi ne jihar Rakhine, inda aka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangaladash a 2017. Mun ji wannan a rediyo mun tausaya, ba tare da mun san kakanninmu sun sha ruwan waɗannan ƙauyuka ba. An san Fadoyebo ne domin ya yi makaranta ya rubuta abin da ya same shi. Takwaransa na Zangon Kataf ko Gumel ko Gboko, wanda bai iya boko ba, ya ba jikokinsa labari a tsakar gida, labarin ya bi shi kabari. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya ceto kaɗan daga irin wannan a littafinsa Burma Boy na 2007, wanda ya gina a kan abin da ya ji game da mahaifinsa.

Akwai masu cewa ai yaƙin Turawa ne, me ya shafe mu? Maganar tana da tushe, bai kamata a share ta ba. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda ita ce tushen waɗannan rundunoni, ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ita ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ita ta shafe Satiru a 1906. Kaduna kanta sansanin wannan runduna ce kafin a mayar da ita hedikwatar Arewa a 1917. A lokacin yaƙin Hitila kuma ba kowa ne ya shiga da son ransa ba. An nemi sarakuna da hakimai su kawo mutane, kuma kowa ya san ɗan wa dagaci ke miƙawa in an matsa masa. Wasu talauci ya kai su, wasu sha'awar kaki, wasu gudun haraji. A cikin barikin ma ba a yi musu adalci ba. Ana yi wa sojan Afirka bulala har zuwa wajajen 1946, kuma duk gwanintar ɗan Najeriya a samanja yake tsayawa, domin sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan ƙasa muƙamin hafsa. Dubi Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Ya yi yaƙin duniya na farko, ya yi Habasha, ya yi Bama, sai da ya zo ritaya a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa.

To amma duk wannan hujja ce a kan mai mulki. Ba ta rage komai daga saurayin da ya ɗauko abokinsa a kafaɗa ya fito da shi daga kurmi. Wanda aka zalunta wajen ɗauka, aka zalunta wajen biya, idan mu ma muka manta da shi mun cika zaluncin ke nan.

Biyan kuwa abin kunya ne. Takardun da aka tono a Landan a 2019 sun nuna cewa a rundunonin Afirka ta Gabas, kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane wata da ya yi a bakin aiki, na baƙar fata kuwa sule uku da sisi. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Waɗanda suka dawo gida daga Bama a 1946, mai sa'a ya sami aikin ɗan doka ko masinja a En'e, ko tuƙin mota in ya koyo a soja. Saura suka koma gona, ko suka ƙare a gadi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, su aka sake nema. An kira mazan jiya su dawo su riƙe samarin da ake ɗauka cikin gaggawa, domin sojan da bai wuce mutum 10,000 ba ya kumbura ya kai kusan 250,000 kafin a gama. Kaduna ce cibiyar Runduna ta Ɗaya da Muhammadu Shuwa ya jagoranta, kuma a Kakuri masana'antar ƙera makamai ta DICON take tun 1964. Bayan yaƙi da yawa daga waɗanda aka sallama ba su koma ƙauye ba. Masaƙu na aiki a lokacin, KTL tun 1957, UNTL tun 1964, sannan ga Peugeot a 1975, don haka suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa da Television da Sabon Tasha, suka yi aure suka hayayyafa. Masaƙun sun durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007. Tsohon da ya dogara da albashin ɗansa na masaƙa don cike giɓin fansho, shi ma durƙushewar ta haɗa da shi.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ake bikin tunawa da mazan jiya. Da can 11 ga Nuwamba ake yi kamar sauran ƙasashe renon Ingila, aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana fareti, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, manya su sayi tambarin ƙungiyar Nigerian Legion su maƙala a ƙirji. Ban raina wannan ba. Sai dai a cikin shekarun nan an sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman haƙƙinsu. Ƙasar da ke sakin tattabaru ranar 15, ta bar dattijo yana kwana a titi saboda fansho ranar 16, ba ta girmama kowa ba. Sojan da ke Sambisa ko dajin Birnin Gwari yau yana kallon yadda ake yi da na jiya, daga nan yake auna abin da za a yi wa matarsa in bai dawo ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan tarihi ya fi zama wajibi a Kaduna. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin ya zama iyaka, Kirista suka tattara kudu, Musulmi suka tattara arewa, har an sami yaran da suka girma ba su da aboki a ɗaya tsallaken. Mutanen da suka gangara Kalapanzin kuwa Hausawa ne da Tibi da Bachama da Barebari da Bajju da Angas da Yarbawa da Ibo, masu salla da masu zuwa coci da masu addinin gargajiya, kuma da Hausa ake yawan ba su umarni, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Jikokinsu na Sabon Tasha, jikokinsu na Tudun Wada. Gado ne da ɓangarorin biyu ke da haƙƙi a kansa daidai wa daida, kuma irinsa ba su da yawa a garin nan.

Lokaci ya kusa ƙurewa. Wanda ya je Bama yana ɗan 18 ya kai ko ya kusa shekara ɗari in yana raye, wanda ya shiga yaƙin basasa yana waɗannan shekarun ya haura 70. Aikin ba ya buƙatar biliyoyi. Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk a Kaduna suke, ga ɗaliban tarihi a Jami'ar Jihar Kaduna da Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA. A tura su unguwa-unguwa tare da reshen Legion su naɗi muryoyin waɗanda suka rage, da na zawarawa, su ɗauki hoton takardun sallama da lambobin yabo da ke ƙasan adaka. Rundunar soja ta kafa allo a ƙofar barikin Kakuri, da Hausa da Turanci, mai bayanin inda Kalapanzin yake da bataliyoyin da suka yi yaƙi a can. Tunda an dawo da darasin tarihi makarantu, malaman Kaduna ta Kudu da Chikun su kai yara su karanta shi. Gwamnati kuma ta biya fansho a kan kari, ba sai an yi zaman dirshan ba.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon soja a gidanku ko a layinku, ka je ka gaishe shi a makon nan. Ka tambaye shi lambarsa da bataliyarsa da inda aka kai su, da sunayen abokansa da ba su dawo ba, ka kunna wayarka ka naɗa.